Tambaya da Amsa: Kwabban Adakar Kaka

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Bayan rasuwar kakarmu mun buɗe adakarta, sai muka tarar da ƙullin tsofaffin kuɗin ƙarfe a cikin wani tsumma. Wasu suna da huda a tsakiya da rubutun Larabci, wasu suna ɗauke da kan Sarauniya, wasu kuma an zana musu dalar gyaɗa. Yayana ya ce a kai wa 'yan gwangwan, ni kuwa na ga zanen da ke jikinsu ya fi ƙarfin a auna su a kan sikeli. Shin zanen yana da ma'ana, ko kuwa ado ne kawai? Daga Hajara, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama Hajara. Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinta. Ki roƙi yayanki ya dakata, domin abin da ke cikin wannan tsumma aikin masu fasaha ne, kuma babu ɗigo ko ɗaya a jikinsa da aka sa shi da ka. Kafin a buga kwabo, sai mai zane ya tsara hoton, sannan gwanin sassaƙa ya fitar da shi a juye a kan hatimin ƙarfe mai tauri, wanda za a riƙa danna shi a kan ƙarfen da za a mayar kuɗi. Fuskar kwabo fili ne da bai wuce kan babban yatsa ba, don haka hukuma ba ta sa komai a cikinsa sai abin da take so talaka ya riƙa gani kullum a tafin hannunsa, ko ya iya karatu ko bai iya ba.

Mu fara da masu huda, domin su ne suka fi tsufa. Turawan mulkin mallaka sun fara fito da su a 1907, a lokacin da kuɗin da aka fi sani a kasuwanninmu shi ne wuri, wanda jam'insa ne ma ya ba mu kalmar kuɗi, har yau muke cewa wuri na gugar wuri. An huda su ne domin a iya zura su a zare a ɗaura a ƙugu, an kuma rubuta ƙimarsu da haruffan Larabci domin an san cewa a ƙasar nan akwai dubban mutane da suka yi karatun allo alhali ba su san boko ba. Mafi ƙanƙanta a cikinsu shi ne anini, wato kashi ɗaya cikin goma na kwabo, kuma na farkonsa an yi shi da alminiyam, abin da ya sa yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka fara kashewa a duniya. A bayansu za ki ga tauraro mai kusurwa shida, wanda ake kira hatimin Sulaimanu, alamar da malamanmu suka daɗe da saninta a cikin hatimansu, wadda kuma Turawa suka ɗora a kan tutar Nijeriya daga 1914. Ki duba da kyau ko akwai mai ɗauke da shekarar 1936 da sunan Sarki Edward na Takwas. Wannan sarki ya yi murabus kafin shekararsa ta cika a kan gado, kuma a Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma a nan Afirka ta Yamma an kashe shi a kasuwa.

Masu kan Sarauniya Elizabeth kuwa, idan an rubuta musu 1959, su ne kuɗin farko na Babban Bankin Nijeriya, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuli na wannan shekara. A nan ne zanen ya fara magana da yawun ƙasa. Taro, wato kwabo uku, mai gefe goma sha biyu, an sa masa auduga. Sisi ya ɗauki koko. Sule ya ɗauki kwakwar manja. Fataka kuma, wato sule biyu, aka ba shi gyaɗa. Duk wanda ya san Nijeriya ta wancan zamani ya san cewa rabon arziki ne aka zana: koko na Yamma, manja na Gabas, gyaɗa da auduga na Arewa. Mu mutanen Kaduna wannan auduga ta kan taro ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ita ce ake saukowa da ita daga Funtuwa da ƙasar Zazzau zuwa masaƙun Kakuri, inda masaƙar farko ta buɗe a 1957, har unguwar ta cika da ma'aikata daga ko'ina. Idan na riƙe taro a yau, jiniyar tashi daga aiki ta waɗannan masaƙu nake tunawa, da yadda suka yi shiru.

Mai dalar gyaɗa kwabo ashirin da biyar ne na 1973, shekarar da aka bar fam aka koma naira. An cire kan Sarauniya aka sa tambarin ƙasa, mai mikiya da dawakai biyu da haɗuwar Kwara da Binuwai. An bar auduga a kan rabin kwabo, koko a kan kwabo biyar, manja a kan kwabo goma, amma a kan kwabo ɗaya sai ga wani baƙon zane, wato hasumiyar haƙar man fetur. A ganina wannan shi ne zane mafi faɗin gaskiya da aka taɓa yi wa kuɗinmu, domin cikin 'yan shekaru man ya danne sauran amfanin gonar, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace daga ƙasa ta saura a kan ƙarfe. Jama'a dai ba su saki tsofaffin sunaye ba, suka ci gaba da kiran kwabo goma sule, kwabo biyar sisi, kuma har gobe wanda aljihunsa ya bushe cewa yake yi ba shi da ko sisi, ko anini.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da waɗannan zane-zane, duk da kyansu. Sun nuna abin da muke sayar wa ƙasashen waje, amma ba su nuna abin da hannunmu ya ƙera ba. Kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka tono a kudancin wannan jiha tamu, suna cikin tsofaffin sassaƙe-sassaƙen Afirka. Ga dagin da magina ke yi a bangon soro, ga aska takwas ta babbar riga, ga aikin jima da na marina. Maƙwabtanmu na Nijar, da sauran ƙasashen da ke kashe sefa ta Afirka ta Yamma, sun ɗora wa kuɗinsu hoton wani ma'aunin zinariya na mutanen Akan na Ghana da Kwaddebuwa mai siffar kifi, abin da maƙeran gargajiya suka ƙera da hannunsu. Da mu ma mun yi haka, da yaron da aka aika sayen ashana ya san Nok tun kafin ya je makaranta.

Game da sayarwa, kada ki sa rai da kuɗi mai yawa, domin yawancinsu an buga su da yawan gaske. Sai dai ki ware sulallan da aka buga daga 1913 zuwa wajen 1919, domin na azurfa ne, kuma maƙeran fari sun narke da yawa daga cikinsu sun yi zobba da awarwaro. Kada ki goge su da toka ko lemun tsami ko yashi, domin gugar tana cinye zanen, masu tara tsofaffin kuɗi kuma sun fi son su da duhun da shekaru suka sa musu. Ki naɗe kowane ɗaya daban a farar takarda, ki rubuta shekararsa, ki ajiye inda babu laima.

TAMBAYA: Malam, an soke kuɗin ƙarfe ne a Nijeriya? 'Ya'yana ba su taɓa riƙe ko ɗaya ba. Daga Malam Isa, Rigasa.

AMSA: Ba a soke su ba, Malam Isa. Na ƙarshe da aka fitar su ne na 2007: kwabo hamsin mai zanen masara, naira ɗaya mai hoton ɗan kishin ƙasa Herbert Macaulay, da naira biyu mai ginin Majalisar Tarayya, kuma biyun ƙarshen an haɗa ƙarfe kala biyu a jikinsu. Tsadar kaya ce ta kore su daga kasuwa, tunda babu abin da naira biyu za ta saya. Idan hanya ta kai ka Abuja, Babban Banki yana da ɗakin adana tsofaffin kuɗi a hedikwatarsa, inda yara za su ga wuri da anini da sule a jere.