Amsar tambayar ƙanwarmu game da yadda ƙwayar halitta take rushe tsofaffin kayanta

Assalamu alaikum ƴan'uwa, ina gaishe ku daga nan Damagaram. Ƙanwata, jiya kin tambaya yadda ƙwayar halitta take gane mitokondiriyar da ta lalace a cikin ɗaruruwa masu lafiya, alhali ba ta da idon duba su. Mitokondiriya dai ita ce ƴar tashar da take samar wa ƙwayar kuzari. Tambayar ta yi mini daɗi, domin wurin nan ne ya fi burge ni a darasin.

Akwai furotin da ake kira PINK1, wanda ƙwayar take ƙerawa ba dare ba rana. Muddin mitokondiriya tana da lafiya, ƙarfin lantarkin da ke tantaninta na ciki yakan jawo PINK1 ciki, inda wani furotin mai suna PARL zai datse shi, sannan a rushe ragowar. Idan kuwa ta lalace, ƙarfin nan ya faɗi, to PINK1 ba shi da hanyar shiga, sai ya taru a bakin ƙofa, a kan tantanin waje. Taruwar tasa ce take kiran wani furotin mai suna Parkin, shi kuma Parkin ya shiga liƙa wa furotin ɗin wurin wata ƴar alama mai suna ubikitin, mai amino asid 76. Daga nan wani tantani mai ninki biyu yakan naɗe mitokondiriyar gaba ɗaya ya kai ta lizozom, wata ƴar jaka a cikin ƙwayar, inda ake narkar da ita a mayar da kayanta cikin aiki, kamar yadda masu zubi suke narkar da tsohuwar tukunyar alminiyom su zuba sabuwa. Ki lura da hikimar da ke ciki: kowace mitokondiriya ana gwada ta kullum, kuma wadda ta kasa haɗiye PINK1 ita ce ta tona kanta.

Christian de Duve na ƙasar Beljiyam ne ya gano lizozom a 1955, Yoshinori Ohsumi na Japan kuma ya samu kyautar Nobel a 2016 saboda binciken wannan naɗewa da ya yi a kan yis. A 1998 aka danganta lalacewar ƙwayar gadon Parkin da cutar Parkinson mai kama matasa, a 2004 aka samu haka ga PINK1, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan karkarwa ya san cewa maganar ba ta takarda kaɗai ba ce.

Furotin ɗin tantanin ƙwayar kuwa, yadda ake rushe su ya fi sauƙin bayani. Tantanin yakan lotsa ciki ya haɗiye su, wasu a mayar da su wurinsu, kamar furotin mai karɓar LDL, ɗan ƙunshin da ke ɗaukar kolestarol a jini, wanda yake kai da komowa sau da yawa, waɗanda aka liƙa wa ubikitin kuma rukunin furotin mai suna ESCRT ya tattara su zuwa lizozom. Abin da nake roƙonki a jarrabawa shi ne kada ki haɗa lizozom da furotiyazom, wani injin rushe kaya na daban a cikin ƙwayar, domin shi furotiyazom furotin ɗaiɗai yake niƙawa, mitokondiriya guda ba ta shiga bakinsa.