Camaro ta 1969: kafireta zan fara saya ko kamshaf?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Houston, ƙasar Amurka. Na sayi Chevrolet Camaro ƙirar 1969 mai inji 350, wato lita 5.7. Tana tafiya lafiya lau, sai dai ba ta da zafin da nake jin ana ba da labari. Abokina ya ce in ɗora mata kafireta mai CFM 850 (ma'aunin yawan iskar da ke ratsa ta a minti) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji da rufe su) irin na tsere. Kuɗina ba su taka kara sun karya ba. Da wanne zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka bar su duka biyun tukuna. Abokin naka gyaran gangar auzinawa zai sa ka yi.

Inji 350 yana juyi 5,500 a minti, iskar da zai iya shaƙa ba ta wuce CFM 560 ba, kuma injin da ake hawa titi da shi ba ya ma kai haka. Ka ɗora masa 850, iska ta riƙa ratsa kafireta a sanyaye, ba ta jan fetur yadda ya kamata, kana taka totur mota ta yi turus kafin ta ɗauka. Kafireta ƙirar Holley ko Edelbrock mai 600 ta ishe ka har da ragi.

Amma kafin ka kashe ko dala ɗaya, bakanike ya auna maka kwamfureshan ɗin silinda takwas ɗin nan. In ringi ya gaji, duk abin da ka ɗora asara ce. In lafiya yake, fara da wuta: cire kwantak, sa na lantarki irin Pertronix a cikin distiributa ta asali. Sai bututun hayaƙi masu faɗi da salansa biyu, sannan kafireta. A nan ƙaramin kuɗi yake yin aiki.

Kamshaf kuwa a yi masa a hankali. Na tsere sai a babban juyi yake ba da ƙarfi, a cikin gari mota ta yi sanyi, silo ya riƙa rawa, zuƙar iskar da bustar birki ke dogaro da ita ta ragu. In giyarka otomatik ce, har kwanbata, wadda ke haɗa inji da giya, sai ka canja. Ɗauki kamshaf matsakaici. Kuma waɗannan tsofaffin injina suna son baƙin mai mai sinadarin ZDDP, wanda aka rage a man zamani. Babu shi, sabon kamshaf kan cinye tun yana sabo. Ranar tayar da shi na farko a riƙe inji wajen juyi 2,000 zuwa 2,500 na kamar minti 20.

Duba lambar da aka buga a gaban bulok, ɓangaren fasinja (a wasu na 1969 tana kusa da filtar baƙin mai). In ta dace da lambar shasin motar, injin asali ne, masu tara irin waɗannan motoci kuma a kansa suke zuba kuɗi. Duk abin da ka kwance ka adana shi, kada ka sayar.

Sai birki. Da yawa daga Camaro na shekarar da birkin ganga suka fito a ƙafa huɗu. In taka haka take, sa na faifai a gaba kafin ka taɓa kamshaf.