Ƙwaro ne ko tangarɗa?

Tambaya: Malam, ina rubuta manhaja da harshen Python. Akwai wani gwaji da yake wucewa lafiya lau a kwamfuta mai tsarin Linux, amma da an kai shi mai tsarin Windows sai ya faɗi. Abokan aikina suna kiran irin wannan matsala "ƙwaro". Daidai ne? Kuma wace karin magana ce ta dace da lamarin?

Amsa: Malam, ƙwaron nan aro ne daga Turanci, fassarar kalmar "bug" ce. Ana yawan ba da labarin 1947, lokacin da masu aiki da kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard suka zaro ƙwaro na gaske daga cikin na'urar, suka manna shi a littafin aikinsu. Sai dai kalmar ta girmi labarin, don Thomas Edison ya yi amfani da ita tun 1878. Mu kuwa in muka ce wane ƙwaro ne a lissafi, yabonsa muke yi. Ka ce akwai ƙwaro a manhajarka, wani sai ya taya ka murna.

Ni na fi son tangarɗa. Kuskure na mutum ne, tangarɗa kuwa ta aiki ce, abin da ke tafiya ya cije. Nemanta kuma bin diddigi ne har a gano bakin zaren.

Karin maganar da ta zauna daram ita ce: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Linux yana rufe layi da alama ɗaya, Windows da biyu. In ka sa Python ya rubuta "sannu" a fayil ɗin rubutu ya rufe layin, a Linux za ka ƙirga baiti 6 (ɗaya ga kowane harafi, ɗaya ga alamar rufe layi), a Windows 7, don Python da kansa yake ƙara alama ta biyun. Gwajin da ke jiran 6 dole ya faɗi. Haka sandar da ke raba sunayen folda, kowa da inda tasa ta karkata. Ga kuma babban baƙi da ƙarami a sunan fayil: Linux yana bambanta su, Windows a bisa al'ada bai damu ba.

Shi ya sa in ka ga an duƙufa kan manhajar, sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba. Gwajin ne ya zaci duk tsuntsaye kukan Linux suke yi. Kafin ka taɓa komai, fito da abin da gwajin ke jira da abin da ya samu ta hanyar repr (umarnin Python da ke nuna har ɓoyayyun alamomi), ka jera su, ka duba ko \r, wato ƙarin alamar nan ta Windows, ta laɓe a ƙarshen layi.