Sun Zaɓe Ni Wakilin Kare Lafiya, Oga Ya Ce Ga Hanya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu goma sha ɗaya muke sarar itatuwan turare da malaina a ƙarƙashin wani ɗan kwangila, ana kai itacen Kasuwar Katako. Watan jiya reshe ya faɗo wa yaron da ke riƙe mana galan ɗin mai, kafaɗarsa ta goce. Sai 'yan'uwa suka ce ni zan riƙa yi musu baki kan kare lafiya. Da na yi wa oga maganar hular kwano, cewa ya yi in ba na so ga hanya nan. Mene ne aikina, kuma akwai dokar da ta tsaya mini?
Mai injin zarto, Gangare, Jos

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba yaron lafiya.

Doka tukuna. Najeriya ta rattaba hannu a 1994 kan Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. A cikinta an ce wakilan ma'aikata su san irin matakan kariya da mai aiki ya ɗauka, kayan kariya kuma ba daga aljihun lebura za su fito ba. Wanda ya ja da baya don ya ga haɗari ƙuru-ƙuru a gabansa, bai cancanci hukunci ba. Ga kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati da ke biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Ka tambayi oga ko ya yi muku rajista, amma da lalama, ba a gaban yara ba.

Sai dai takarda ba ta tare reshe. Ƙafarka da idonka ne aikin. Kafin a tayar da inji da safe, ɗaga kai ka duba sama: busasshen reshen da ya maƙale shi ne mugun. Ka tabbata birkin da ke tsayar da sarƙar injin zarto na kamawa. Kada kowa ya tsaya kusa da mai sara, a ba shi tazarar tsawon bishiyar sau biyu. Yaronku da galan ɗinsa, ina yake tsaye? Ina kyautata zaton gindin bishiyar, don haka na saba gani. A share hanyar gudu ta baya, a karkace, tun kafin zarto ya taɓa itace. Ƙarar injin nan ta haura desibel 100 a ma'aunin ƙarfin sauti, shi ya sa tsofaffin masu zarto sai ka ɗaga murya suke jinka.

Sayi littafi ɗan ƙarami. Duk abin da ya faru, har wanda aka tsallake rijiya da baya, rubuta shi da kwanan wata. Oga zai iya musa maganar baki.

Kuma kada ka sake zuwa kai kaɗai, shi ya sa ya nuna maka hanya. Ku haɗa ɗan kwamiti: kai, direban mota, da mutum guda daga ɓangaren oga, ku zauna ranar biyan kuɗi ko da minti ashirin ne. A zaman farko ku bar dogon lissafi, ku nemi hulunan kwano da akwatin agajin gaggawa, ku kuma tsayar da wanda zai biya kuɗin ɗorin yaron.