Amsata kan finafinan yaƙi, da murya

Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da murya zan amsa, maganar ta fi ƙarfin babban yatsa. Malam ne ya jefo tambaya, ya ce kowa ya faɗi fim ɗin yaƙin da ya fi so da kuma dalilinsa. Na saurari amsoshi. Wasu sun ce Rambo, wani ya ce Commando, ƙanina kuma ya kafe a kan Black Hawk Down, har yana cewa duk wanda bai sa shi a sahun farko ba bai san fim ba. To ƙanina, gyara zama ka ji.

Rambo da Commando dai a ajiye su gefe, ba don raini ba. Suna da daɗin kallo. Amma fim ɗin da tun kafin a fara ka san akta ba zai mutu ba, mutum ɗaya ya faɗa sansani ya karkashe ɗaruruwa, harsashinsa ba ya ƙarewa, nasu kuma ba ya samunsa, wannan sunansa fim ɗin faɗa. Ni a fim ɗin yaƙi abu ɗaya nake dubawa: idan mutum ya faɗi, yaya fim ɗin ya ɗauki faɗuwarsa? Kyamara ta tsaya a kansa, ko ta tsallake gawarsa ta bi akta? Kuma wannan har da na ɗaya ɓangaren, wanda aka ce mana shi ne abokin gaba.

Bari in fara da wanda kusan kowa ya gani, Saving Private Ryan na Steven Spielberg, 1998. Kowa yana maganar minti ashirin da wani abu na farko, saukar sojojin Amurka a gaɓar Normandi ta Faransa ranar 6 ga Yunin 1944. Kuma sun cancanci a yi maganarsu. Ku tuna yadda abin ya fara. Ba kiɗa, ba jawabin ƙarfafa gwiwa. Maza ne a cunkushe a ƙaramin jirgin ruwa, wani na amai, wani na addu'a, kyaftin ɗinsu, Tom Hanks ke nan, hannunsa na karkarwa yana ƙoƙarin buɗe gorar ruwa. Ana sauke ƙofar jirgin, 'yan sahun gaba ko taku ɗaya ba su yi ba bindiga mai jigida ta kwashe su. Waɗanda suka dira ta gefe kuma nauyin kayansu ya ja su ƙasan ruwa. Akwai wani da harsashi ya bugi hular kwanonsa bai huda ba, ya cire ta yana dubawa yana mamakin sa'arsa, na biyu ya same shi a goshi. Akwai wanda ke ta dube-dube a cikin yashi, ashe hannunsa da ya guntule yake nema, ya samu ya ɗauka ya yi gaba da shi. Sai kuma bam ya tashi kusa da kyaftin, sauti ya ɗauke gaba ɗaya, kai mai kallo ma kunnenka ya toshe tare da nasa. A Ailan aka ɗauki wajen nan, da sojojin ƙasar, har da mutanen da dama can sun rasa hannu ko ƙafa, shi ya sa ba ka ganin alamar ƙarya.

Amma wallahi ni ba nan ne ya kama ni ba. Inda ya kama ni shi ne mutuwar likitan tawagar da kyaftin ɗin ya jagoranta don nemo soja Ryan. Shi ne mai ɗaure wa kowa rauni, yau ga shi kwance, abokansa sun taru a kansa suna danne jini suna tambayarsa yaya za mu yi maka. Shi da kansa ya gane hantarsa aka samu, ya san ba tashi. Sai kawai ya roƙi a ƙara masa allurar kashe zafi, ya mutu yana kiran mahaifiyarsa. Sai kuma tafintan nan, yaron da bai taɓa shiga faɗa ba, wanda ya sandare a kan matakala da jigidar harsashi a wuya, yana ji ana kashe abokinsa da wuƙa a ɗakin sama, ya kasa ɗaga ƙafa. Mutane da yawa sun tsane shi. Ni ban iya tsanarsa ba, don ba wanda ya san abin da ƙafarsa za ta yi masa a ranar sai ranar ta zo. Fim ɗin ya ci Oscar 5, har da ta darakta. Inda na rage masa maki kawai, Jamusawan ciki kusan duk inuwa ce, in ka cire fursunan nan da suka saka ya dawo ya yaƙe su.

Yauwa, ƙanina, yanzu ga naka. Black Hawk Down na Ridley Scott, 2001, labarin faɗan Mogadishu, babban birnin Somaliya, na Oktoban 1993 da aka harbo jiragen Amurka masu saukar ungulu guda biyu. Ta fuskar aiki ba ni da ta cewa. Sauti, ƙura, ruɗanin motocin da suka ɓata a lunguna, duk an yi su yadda ya kamata, Oscar 2 ya ci, ta sauti da ta tace hoto. Amma ka koma ka sake kallonsa, ka ƙirga mini Somaliyawa nawa ne aka ba su suna, aka ba su magana, aka nuna suna da uwa. Dandazo ne kawai ke ɓullowa daga kowace kusurwa, ana harbi suna zubewa, kyamara ba ta ko waiwaye. Kuma dubi rubutun ƙarshe. An jero sunayen sojojin Amurka 19 ɗaya bayan ɗaya, Somaliyawan da fim ɗin da kansa ya ce sun haura 1000 kuwa, a layi guda aka tattara su. Ni nan muka raba gari da shi. Gwanin fim ne, amma da ido ɗaya yake kallo.

Wanda na sa a farko, kuma na san da yawa a zauren nan ba su gan shi ba, shi ne The Battle of Algiers, 1966, na wani Ba'italiye Gillo Pontecorvo. Baƙi da fari ne, kar wannan ya kore ku. Labarin yaƙin neman 'yancin Aljeriya daga Faransa ne, wanda aka yi daga 1954 zuwa 1962, amma ya tsaya a kan abin da ya faru a cikin birnin Aljiyas. In kana kallo za ka rantse hoton labarai ne na gaske, alhali duk shiryawa aka yi. Kusan dukkan 'yan wasan mutanen gari ne aka ɗauko, ƙwararre guda ɗaya ne, wanda ya fito a kanar ɗin Faransa. Har ma ɗaya daga cikin ainihin jagororin FLN, ƙungiyar da ta yi yaƙin neman 'yancin, a birnin, Saadi Yacef, ya fito a ciki.

Ga wurin da nake so ku lura. 'Yan sandan Faransa sun shiga Kasba, tsohuwar unguwar 'yan ƙasa, da dare sun dasa bam, gidaje suka rufta da mutane suna barci. Gari ya waye ana zaƙulo gawawwaki, har da yara, wani kiɗa mai sanyaya jiki yana tashi. Sai FLN ta ce za ta rama. Aka samu mata uku, suka cire lulluɓi, ɗaya ta yanke gashi ta rina shi, suka yi shigar Turawa, kowacce ta ɗauki kwando da bam a ciki. Suka wuce shingen bincike, soja har yana yi wa ɗayarsu murmushi. Yaƙi ɗan zamba ne. To da wani darakta ne, daga nan sai ƙara, sai murna. Shi kuwa sai ya shiga da kai cikin shagon shan shayin Turawa da ɗayarsu ta kai bam ɗin, ya zaunar da kai. Matar ta tura kwandon ƙarƙashin kujera, ta ɗaga ido tana kallon mutanen da ta san saura mintoci su mutu. Kyamara tana bin fuskokinsu ɗaya-ɗaya. Wannan na dariya, wancan na hira, ga wani ɗan yaro na lasar askirim. Agogo na tafiya. Bam ya tashi. Da aka zo kwasar gawawwakin Turawan, kiɗan nan dai na Kasba shi aka sake sakawa, bai canza ba. Kuma fa fim ɗin bai ɓoye inda zuciyarsa take ba, yana tare da 'yan Aljeriya ɗari bisa ɗari. Amma bai yarda ya sauƙaƙa maka ba.

Shi ma kanar ɗin ba a mai da shi bos mai zare ido ba. Mutum ne mai natsuwa da kaifin ƙwaƙwalwa. Ya tsaya gaban allo yana zana wa sojojinsa yadda ƙungiyar take: kowane mutum uku kawai ya sani, wanda ya shigo da shi da biyun da shi ya shigo da su. Saboda haka in kana son kai wa ga na sama, sai ka matsi na ƙasa ya yi magana kafin labarin kamunsa ya bazu. Daga nan azabtarwa ta samo asali, kuma an nuna ta ƙiri-ƙiri, da ruwa da wuta da lantarki. Faransa ta murƙushe ƙungiyar a birnin a 1957, shekara biyar bayan nan ta tattara ta bar ƙasar. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice a 1966, amma a Faransa sai 1971 aka iya nuna shi a silima. A 2003 kuma, lokacin yaƙin Iraƙi, ma'aikatar tsaron Amurka ta haska wa jami'anta shi. Ka ga fim ɗin da 'yan tawaye da masu yaƙar 'yan tawaye duk suke zama su yi karatunsa, ai ya wuce wasa.

Na ji Hajiya ta ambaci Umar Mukhtar, wato Lion of the Desert na Mustafa Akkad. Hajiya, ranki ya daɗe, a nan muna tare. Anthony Quinn, wanda ya fito a Sayyidina Hamza a The Message na wannan daraktan dai, shi ya hau matsayin dattijon malamin da ya shekara kusan 20 yana yaƙar Italiya a Libiya, har suka kama shi suka rataye shi ranar 16 ga Satumban 1931 a gaban jama'arsa. Wa zai manta mayaƙan nan da suke ɗaure ƙafafunsu da igiya don kar su gudu in tankoki sun iso? Ko wayar nan mai ƙaya da Janar Giraziyani na Italiya ya shimfiɗa a kan iyakar Masar don ya yanke musu abinci da makamai, da sansanonin da aka tsare mutanen karkara da dabbobinsu suna mutuwa? Amma wurin da ya fi tsaya mini shi ne inda suka kama wani matashin hafsan Italiya, mutanen Umar Mukhtar suka so kashe shi don su ma haka ake yi wa nasu, dattijon kuwa ya hana, ya nuna musu cewa ba daga wurin Italiyawa za su koyi yadda ake yi ba. Kuma an bar wa wasu Italiyawan imaninsu, kamar hafsan da aka ba aikin kare dattijon a kotu ya kuma kare shi da gaske. Abin da zan ce kawai, gwamnatin Gaddafi ce ta zuba kuɗin, kuma an wanke dattijon tas, ba a bar masa ko ɗigon kuskure ba, sannan faɗace-faɗacen wasu sun yi kama da na finafinan kaboyi. Duk da haka ya yi wa Italiya zafin da ta hana nuna shi a 1982, sai 2009 aka sa shi a talabijin a can.

Sauran in bi su da sauri, na ga muryar tana tsawo. Das Boot, 1981, na Jamus: kana cikin jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku tare da sojojin Hitila, kuma kafin ka ankara kana yi musu addu'ar su tsira, kusoshi na fizgewa saboda matsin ruwa, kowa ya yi tsit yana sauraren jirgin Ingila na wucewa ta samansu. All Quiet on the Western Front na 2022 kuma, ko farkonsa kawai ka kalla ya isa: an kashe yaro a bakin daga, an tuɓe kakinsa, an wanke jinin, an ɗinke hudar harsashin, an miƙa wa wani sabon yaro yana ta murna. Ya ga sunan wani a wuyan rigar, jami'in ya yage sunan ya yar a ƙasa, ya ce masa ta yi wa wancan kaɗan ne.

Akwai guda ɗaya da ban sa shi a jeri ba, don ban san ko kalmar "so" ta dace da shi ba. Come and See, 1985, na Tarayyar Sobiyet, Elem Klimov ya yi shi. Yaro ne a Belarus a 1943, ya tono bindiga a cikin yashi ya bi 'yan sari-ka-noƙe yana ɗoki. Babu wani faɗan a zo a gani a ciki. Fuskar yaron kawai kake kallo tana tsufa a gabanka, har zuwa inda sojojin Jamus suka tura mutanen ƙauye guda cikin wani gini na katako suka cinna masa wuta suna tafi. A ƙarshe aka rubuta cewa ƙauyuka 628 aka ƙone haka da mutanensu a Belarus. Don Allah wanda zai neme shi kar ya kalla da yara a kusa, kar kuma ya kalla da dare in ya san yana da aiki da safe.

Ƙanina, ka nemo na Aljiyas ɗin ka kalla tukuna, sannan ka turo martaninka. Malam, a yi mini afuwa na cinye muku data. Wassalamu alaikum.