Sabis ya cika, intanet na rarrafe: amsoshin tambayoyinku kan waya, layi da rauta

Malam, wayata tana nuna sabis ya cika, ga kuma alamar 4G, amma da dare ya yi bidiyo ba ya buɗewa. Da sassafe kuwa lafiya lau. An ce mini wayar ce ta tsufa. In sayi sabuwa?

Dakata tukuna, ɗan'uwa. Wayar da ta yi maka gudu da safe ita ce dai a hannunka da dare, ba ta tsufa a yini ɗaya ba. Sandunan nan da kake gani a saman waya ƙarfin siginar da ke isowa daga turken sadarwa kawai suke nunawa. Ba ruwansu da yawan mutanen da ke kan turken tare da kai. Ko ma'aunin nasu ba ɗaya ba ne, kowane kamfanin ƙera waya da nasa, sanduna huɗu a wannan waya suna iya zama uku a waccan.

Galibin turaku an raba su fuska uku, kowace fuska da iyakar abin da za ta iya ɗauka, gwargwadon faɗin zangon rediyon da kamfanin ya samu lasisinsa. Duk wayoyin da ke wannan fuskar rabon abu ɗaya suke yi, kamar famfo guda da unguwa ta taru a kansa. A tsarin 4G, na'urar da ke gindin turke tana yanke hukuncin wanda za a ba dama sau 1,000 a kowace daƙiƙa, tana duba wa ke jira, wa ke da sigina mai tsabta, wa ya daɗe bai samu ba. Kuma ba a yi wa kowa daidai. Ƙungiyar 3GPP, wadda aka kafa a 1998 kuma take rubuta ƙa'idojin da kamfanoni ke bi, ta raba zirga-zirgar aji-aji: kiran murya yana aji na 1 da rabonsa na musamman, intanet na yau da kullum kuwa yawanci yana aji na 9, sai abin da ya rage. Shi ya sa za ka ga kira yana shiga sarai alhali bidiyo ya tsaya cak. Wani lokacin ma matsalar ba a iska take ba, hanyar da ta haɗa turken da cibiyar kamfani ce ta yi kaɗan.

Ga gwajin da zai raba gardama, kuma a lokacin da abin ya fi tsanani za ka yi shi. Sa sim ɗinka a wayar wani mai sabuwa. In nan ma ya yi rarrafe, ba laifin wayarka. Sai ka aro sim na wani kamfani ka sa a taka. In ya yi gudu, layi za ka sauya. A yawancin wayoyin Android, wajen bayanin sim cikin saiti akwai lambar ƙarfin sigina mai alamar ragi: kusa da -80 ko -90 yana da kyau, daga -110 zuwa ƙasa ya yi rauni. Lamba mai kyau tare da rarrafe, cunkoso ne.

Akwai inda wayar ke da ɗan hannu. Tsofaffin wayoyin 4G zango ɗaya suke kamawa a lokaci guda, iyakarsu a takarda megabit 150 a daƙiƙa. Na baya-bayan nan suna haɗa zango biyu ko fiye, shi ne kake ganin alamar 4G+ a wasu. In turken unguwarku yana da zangon da bai cika ba, irin wannan waya za ta mora. Amma in duk sun cika, sabuwar ma layi za ta bi.

Ina so in sayi wayar da za ta daɗe a hannuna. Mai 5G mai sauƙin kuɗi zan ɗauka, ko mai 4G mai inganci?

Malama, fara da tambayar ko akwai 5G a inda kike kwana da inda kike aiki. Tun da Koriya ta Kudu ta buɗe nata ga jama'a a watan Afrilun 2019, mafi yawan ƙasashe kan zangon megahaz 3500 suka ɗora shi. Zango ne mai ɗaukar kaya da yawa, amma ba ya nisa kuma ba ya ratsa bango kamar megahaz 700 ko 800. Kina iya samunsa a bakin titi, ki shiga ɗaki wayar ta koma 4G. Ƙari a kan haka, kamfanoni da dama 5G ɗinsu a kan ginin 4G yake jingine, dole wayar ta riƙe duka biyun, abin da ke ƙara cin batir.

Abin da na fi so ki duba shi ne lambobin zangon da wayar ke kamawa, musamman in an ƙera ta ne don kasuwar wata ƙasa. A jikin kwali ko shafin kamfanin za ki ga B3, wato megahaz 1800, B7 2600, B20 800, B28 700, sai n78 wanda shi ne 3500 na 5G. Ki tambayi kamfanin layinki da waɗanne yake aiki, ki gwada su da na wayar. In ta rasa ƙananan zangon nan, ita ce za ta riƙa ɓatar da sabis a ƙauye da cikin gini, ki yi ta zargin kamfani.

Sai VoLTE, wato yin kira ta kan 4G. Wayar da ba ta da shi, da kira ya shigo sai ta sauka 3G ko 2G, intanet ya yi sanyi ko ya yanke. Ana kuwa ta rufe tsofaffin hanyoyin: Singafo ta kashe 2G a 2017, Jamus ta kashe 3G a 2021, manyan kamfanonin Amurka suka bi a 2022. Inda aka kashe 2G da 3G duka, wayar da ba ta da VoLTE ta daina kira gaba ɗaya. Bai isa a rubuta shi a kwali ba, sai kamfanin layi ya amince da samfurin wayar, don haka ki sa sim ɗinki ki gani kafin ki biya.

Hukuncina: in kuɗin ba zai kai mai 5G mai isasshiyar ma'ajiya da batir mai kyau ba, ɗauki mai 4G ɗin. Wayar da aka rage wa komai don a manna mata 5G za ta gajiyar da ke tun kafin 5G ɗin ya iso ƙofarki.

Me ya sa datata ke tsayawa in ina amsa kira a sim na biyu?

Yawancin wayoyi masu sim biyu na'urar rediyo ɗaya suke rabawa. Duka layukan suna sauraro, amma in ɗaya ya shiga kira sai ɗayan ya jira. Ba lalacewa ba ce. Wasu wayoyin suna da saitin da ke mayar da data kan layin da ake kiran na ɗan lokaci, sai dai daga datar wannan layin za a cira.

Kamfani na tallar data marar iyaka. Gaskiya ce?

Gaskiya ce mai sharaɗi, kuma sharaɗin yana cikin ƙananan rubutun da ba kowa ke karantawa ba. Salo biyu aka fi yi. Na farko, in ka kai wani adadi sai a rage maka gudu har ƙarshen wata, ko turke babu kowa. Na biyu, ba a rage maka komai sai an yi cunkoso, lokacin ne ake tura ka bayan layi. Na biyun ya fi sauƙi ga mai aiki da rana a wurin da ba jama'a sosai, amma a tsakiyar gari da dare bambancinsu kaɗan ne. Ka kuma bincika ko an yarda ka raba wa kwamfuta, ko an ƙayyade kyawun bidiyo, domin akwai masu yin duka biyun. Ƙananan kamfanonin da ke hayar turakun manya su ma wani lokaci a baya ake ajiye masu layinsu. Kada ka yi cinikin biri a sama: sayi na mako guda, ka gwada shi a sa'o'in da kake buƙatarsa, kafin ka ɗaure kanka da na wata ko shekara.

Gidana sabis sai an fita tsakar gida. In sayi na'urar ƙara ƙarfin sigina?

Ban ba ka shawara ba, sai in kamfanin layinka ne ya kawo ta. Na'urar ba ta ƙirƙirar sabis, abin da ta tarar take ƙarawa, har da hayaniyar da ke cikinsa, kuma marar inganci tana iya damun turken ta ɓata wa maƙwabta nasu. Saboda haka ƙasashe da yawa suka sa mata doka. A Amurka, tun 2014 sai wadda hukuma ta amince da ita, kuma sai an yi mata rajista da kamfanin layi.

Tunda akwai sabis a waje, rauta mai ɗaukar sim, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi a gida, ta fi maka, irin mai wurin ɗaura eriya ta waje. Ka kafa eriyar sama, fuskarta na kallon turke, wayar (kebul) da ta haɗa su kuma ta zama gajera, don doguwa tana cinye siginar da aka samo. Kafin ka saya, duba ko tana haɗa zango biyu, ko kuma an kulle ta a kan kamfani ɗaya. Batun kira kuwa, in kamfaninka yana ba da damar kira ta Wi-Fi, kunna shi a saitin waya, kiranka na layi zai riƙa bi ta rautar ko kana ƙuryar ɗaki.