Baffa, ga abin da ya kai ni filin Sakhir

Baffa, ranka ya daɗe, na ga saƙonka a kan hoton da na sa da hular kwano a gefen mota. Ka ce mu Hausawan Saudiyya mun koyi wasa da rai irin na 'ya'yan Larabawa, har kana tambaya ko da sauran Hausa a jikinmu. Maganar ta tsaya mini a rai.

Abin da kuke gani a bidiyo, samari suna murɗa mota a tsakiyar titi, a nan tafhit ake ce masa, kuma laifi ne da ake kama mutum a kai. Ni filin tsere na je, na Sakhir a Bahrain, wanda aka buɗe a 2004. Daga Dammam gadar Sarki Fahad ake hawa, kilomita 25 a kan teku. Akwai ranakun da suke buɗe wa mai motar gida ya biya ya shiga. Babu mai tahowa ta gabanka, babu yaro mai tsallaka hanya.

Sati biyu na yi ina shiri, kuma birki ne ya cinye yawancinsu. Man birki idan ya daɗe yana shan danshi. Ka yi ta taka shi daga babban gudu, kwana bayan kwana, sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta zarce ƙasa. Na sa bakanike ya zubar da tsohon tas, ya zuba sabo, irin wanda ake kira DOT 4. Takalman birki sun ci fiye da rabi, na canza su. Muka juye baƙin mai, muka duba ruwan lagireto, muka sake ɗaure notin kowace taya. Iskar taya kuma sai a can ake daidaita ta, don da ta yi zafi iskar ƙaruwa take yi, sai ka auna ka rage.

Daren tafiya na kwashe komai daga cikin motar, har shimfiɗar ƙafa da buta, saboda gorar ruwa ɗaya tana iya gangarowa ta maƙale ƙarƙashin birki. Carbin marigayi Baba da ke rataye a madubi shi na daɗe ina riƙe da shi a hannu. Baba ne yake ba mu labarin kakansa, da ya baro Kano bayan Turawa sun shiga a 1903, ya yi shekaru yana noma a Sudan yana tara guzuri kafin ya tsallako ta Suwakin. Baba bai taɓa tayar da mota bai buɗe gabanta ya duba ba, ko Ɗa'ifa za mu je. A wurinsa na gaji wannan. Na sa carbin a aljihu.

Ka kuma taɓo maganar aurena. E, matata 'yar Hijaz ce, kuma ƙanenta ne ya kwanta ƙarƙashin motar tare da ni. Miyar kuka a hannun Inna ta koya. Yaranmu Hausarsu da Larabci a ciki, ban musa ba, amma ba sa gaishe da babba a tsaye. Abin da ke mini ciwo, a nan wasu su ce mana Takari, alhazanmu na gida su zo su ma su faɗa da irin wannan muryar, in mun je Kano kuma a ce ga Larabawa sun zo.

Zagaye na ƙarshe a hankali na yi shi don birki ya huce, da na tsaya ban ja birkin hannu ba, haka malamin filin ya ce, kada takalman su manne da zafi. Na yi la'asar a can, na dawo gida kafin isha'i. Idan Allah ya kawo ka Umara bana, da wannan motar zan ɗauko ka a Jidda.